Agogon Wa Za A Bi?

Duk wanda ya taso da sauraren rediyo a zangunanmu ya san yadda masu gabatar da shiri a sashen Hausa ke faɗin lokaci, su ce ƙarfe kaza agogon GMT da Gana, wato ƙarfe kaza agogon Nijeriya da Nijar. Mu a nan mun huta da lissafi, abin da aka faɗa da fari shi ne namu. Dalili kuwa shi ne a shekarar 1884 wakilan ƙasashe 25 suka zauna a birnin Washintan na Amurka suka amince a riƙa auna gabas da yamma daga wani layi da ya bi ta unguwar Girinwich a Landan. Wannan layi ya gangaro ta Mali da Burkina Faso ya shigo ƙasar nan, ya je ya faɗa teku a Tema.

To, a wannan wata za mu duba wata matsala ta lokaci wadda ba mu cika ganinta ba, amma tana taɓa aljihunmu kullum, wato yadda na'urori masu ƙwaƙwalwa da ke warwatse a garuruwa da ƙasashe suke daidaita agogunansu.

Tsakaninmu mutane, saɓanin minti biyu ko uku ba ya kawo faɗa. Ko a unguwa ɗaya kamar Nima ko Aboabo, in aka tambayi mutum biyar ƙarfe nawa, da wuya bakinsu ya zo ɗaya, kuma hakan bai taɓa hana ɗaurin aure ba. Amma a dubi harkar aika kuɗi ta waya, wadda MTN ya fara a ƙasar nan a 2009, kuma tun watan Mayu na 2018 ake iya turawa daga layin wani kamfani zuwa na wani. A ɗauka mai sayar da goro yana da sidi 500 a wayarsa. Ya tura wa dillalinsa a Kumasi duka ɗari biyar ɗin, a daidai lokacin nan kuma ga wani bashi da ya yarda a riƙa cira daga asusunsa ya iso. Umarni biyu ke nan a kan kuɗi ɗaya, kuma ba lalle ne kwamfuta ɗaya ta karɓe su ba. Dole a san wanne ya riga wanne. In aka dogara da agogon kowace na'ura, alhali ɗaya tana gaba ɗaya tana baya, to ana iya biyan duka biyun, ko a hana wanda ya cancanta. In kuma rigima ta taso aka ɗauko littattafan kamfanoni biyu don a bi sawun kuɗin, sai a tarar littafi ɗaya ya nuna kuɗin sun isa kafin a turo su.

Me ya sa agogunan ke saɓawa tun farko? A cikin kowace kwamfuta da waya akwai ɗan ƙaramin dutse mai kama da ƙarau, ana kiransa kwaz, wanda ke karkarwa in an sa masa wuta, kuma karkarwar nan ake ƙidayawa ta zama sakan. A agogon hannu irin na batir dutsen yana karkarwa sau 32,768 a kowane sakan. Sai dai ba duwatsu biyu da aka yanka daidai wa daida, kuma zafi da sanyi da tsufa suna canza saurinsu. Dutsen da ya kauce da kashi 20 kacal cikin miliyan, wanda ba a ɗauke shi mara kyau ba, zai ɓatar da kusan sakan biyu a yini, domin yini ɗaya sakan 86,400 ne. Kafin wata ya cika an doshi minti guda. Mu dai minti guda ba ya hana mu barci, amma kwamfuta tana aiki dubun dubbai a cikin ƙiftawar ido, saboda haka sakan biyu a wurinta tafiya ce mai nisa.

Kada wani ya ce ai wannan maganar kuɗi ce kawai. A ranar 25 ga Fabrairu 1991, lokacin Yaƙin Tekun Fasha, wata na'urar kakkaɓo makamai mai suna Patriot da Amurka ta girke a Dahran ta ƙasar Saudiyya ta kasa tare wani makami mai linzami da Iraƙi ta harbo. Binciken da aka yi ya nuna na'urar ta yi kusan awa 100 a kunne, kuma wani ɗan kuskure a yadda take ƙidayar lokaci ya taru har ya kai kashi ɗaya cikin uku na sakan. A cikin wannan ɗan lokaci makamin yana cin fiye da rabin kilomita, sai na'urar ta neme shi inda ba ya nan. Sojojin Amurka 28 suka mutu.

Ke nan dole a sami agogo guda da kowa zai koma gare shi. Tun 1967 aka daina auna sakan da tafiyar rana, aka koma ga ƙwayar zarra ta wani sinadari mai suna siziyam: sakan ɗaya shi ne tsawon lokacin da hasken da ke tare da ita zai kaɗa sau 9,192,631,770. Akwai ɗaruruwan irin waɗannan agogunan zarra a ɗakunan bincike na ƙasashe da dama, kuma ofishin awo na duniya da ke garin Sebur kusa da Faris shi ke tattara abin da suka nuna ya fitar da lokaci guda da ake kira UTC. Shi ne ainihin abin da na'urori ke bi a yau, ko da yake bakinmu ya saba da GMT, kuma a harkar yau da kullum ba wani bambanci tsakaninsu.

Samun agogo mai gaskiya shi ne ɓangare mai sauƙi. Wahalar tana wajen kai labarinsa. Bari mu yi misali. Mai shago ya aiki yaronsa tasha ya dubo masa babban agogon bango. Yaro ya tashi ƙarfe goma daidai a agogon maigida, ya dawo goma da minti ashirin, ya ce lokacin da ya isa agogon tasha yana nuna goma da kwata. Maigida ba zai sa agogonsa a goma da kwata ba, tun da yaron ya ci lokaci a hanyar dawowa. Sai ya yi lissafi: zuwa da dawowa minti ashirin, rabinsa goma, ke nan lokacin da yaro ya isa tasha agogona yana goma da minti goma, na tasha yana goma da sha biyar, ashe ina baya da minti biyar. Lissafi ya yi kyau. Amma in yaron ya tafi da gudu cikin minti biyar, ya dawo yana jan ƙafa har ya tsaya sayen ƙosai ya ci minti goma sha biyar fa? To maigida yana baya da minti goma ne, ba biyar ba, kuma babu yadda za a yi ya gane haka daga agogon hannunsa. Abin da kawai yake da tabbaci a kai shi ne kuskurensa ba zai wuce rabin lokacin zuwa da dawowa ba. Saboda haka mai hankali zai aiki yaro sau da yawa, ya fi yarda da aiken da aka fi saurin dawowa.

Wannan dabara ita ce zuciyar tsarin da ake kira NTP, wanda wani malamin kimiyya Ba'amurke, David Mills, ya fitar da ƙa'idojinsa a 1985, ya kuma ci gaba da renonsa shekara da shekaru a Jami'ar Delaware. Mutumin nan an haife shi da ciwon ido, daga baya ma ya makance gaba ɗaya, ya rasu a watan Janairu na 2024 yana da shekara 85. Akasarin masu amfani da intanet ba su taɓa jin sunansa ba, amma kusan kowace kwamfuta da ke kan intanet da aikinsa take gyara agogonta, ko da wani abu da aka gina a kansa. Kwamfuta tana aika ɗan saƙo ga wata babba, a rubuta lokacin tashi, da na isa, da na juyowa, da na dawowa, sai a yi irin lissafin mai shago. A kan intanet na kowa da kowa akan samu daidaito na 'yan gomiyoyin milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan shi ne milisakan guda. A cikin gida ɗaya kuwa, inda hanya gajera ce, akan samu ƙasa da milisakan ɗaya.

Mills ya jera masu ba da lokaci hawa hawa, kamar yadda muke auna labari a kasuwa. Akwai wanda ya gani da idonsa, wato kwamfutar da ke haɗe kai tsaye da agogon zarra ko da na'urar karɓar saƙon tauraron ɗan'adam, ita ce hawa na ɗaya. Akwai wanda ya ji daga bakin wanda ya gani, hawa na biyu ke nan, haka har zuwa hawa na 15. Kowace tana faɗin hawanta, don mai tambaya ya san baki nawa labarin ya ratsa. Abin da ya fi burge mu a tsarin shi ne bai yarda da kowa ɗari bisa ɗari ba. Mai tambayar mutum ɗaya ba zai san an yi masa ƙarya ba. Mai tambayar mutum biyu, in suka saɓa, ya shiga ruɗu. Sai an tambayi uku ko huɗu sannan za a ga waɗanda bakinsu ya zo ɗaya, a yi watsi da wanda ya fita daban. Haka kwamfutar da aka tsara da kyau take yi dare da rana.

In an gano kuskuren kuma, ba a cika murɗa agogon farat ɗaya ba. Mu mukan mai da hannun agogo baya ba tare da wani tunani ba, amma ga kwamfuta komawa baya masifa ce, domin sakan ɗaya zai faru sau biyu, abin da ya zo daga baya ya sami lamba ƙasa da wanda ya riga shi. Shi ya sa in kuskuren bai kai milisakan 128 ba, sai a ɗan rage wa agogon sauri ko a ɗan ƙara masa har ya kamo hanya a hankali. In ya wuce haka ne ake tsallakawa. In kuwa ya haura sakan 1,000, manhajar ta asali takan tsaya cik ta jira mutum ya zo ya duba, don tana ganin lalle wani abu ya lalace.

Inda ake bukatar daidaito fiye da haka, kamar turakun wayar salula da tashoshin wutar lantarki, akan ɗauki lokaci daga taurarin GPS. Mutane sun san su da nuna hanya, alhali asalin abin da suke watsowa lokaci ne. Kowane tauraro yana ɗauke da agogon zarra, yana shawagi kimanin kilomita 20,200 sama da mu, kuma daga bambancin lokacin isowar saƙonninsu ne waya ke lissafa inda take. Kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na sakan yana kautar da mutum mita 300. Amma su ma ba ma'asumai ba ne. A ranar 26 ga Janairu 2016, wajen sallamar wani tsohon tauraro daga aiki, wasu taurarin suka riƙa watso lokacin UTC da kuskuren kashi 13 cikin miliyan na sakan. Ɗan wannan ya isa ya tayar da ƙararrawa a kamfanonin sadarwa na ƙasashe da dama, har ya taɓa wasu tashoshin rediyon zamani na BBC a Ingila.

Mu a wannan yanki muna da darasi na kusa. Ba mu manta 14 ga Maris 2024 ba, ranar da wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, harkoki suka tsaya a Ankara da sauran garuruwa. Duk ma'aikatar da ke tambayar lokaci daga Turai kaɗai, a irin wannan rana ko dai yaron aikenta ba zai dawo ba, ko ya tafi ta wata hanya ya dawo ta wata mai nisa, wato lissafin rabi da rabi ya rushe. A ganinmu bai kamata banki ko asibiti ko kamfanin waya a ƙasar nan ya rasa nasa ma'aunin lokaci a cikin gida ba. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba in aka gwada da asarar yini guda.

Akwai kuma wata rigima da duniya da kanta ke jawowa. Juyawar ƙasa ba ta da daidaito irin na agogon zarra, takan ɗan yi jinkiri. Don kada agogo ya rabu da rana, tun 1972 akan cusa sakan guda na ciko a ƙarshen Yuni ko Disamba in bukata ta taso, sai minti na ƙarshe ya zama mai sakan 61. An yi haka sau 27, na ƙarshe a daren 31 ga Disamba 2016. Mutane suna barci ba su sani ba, amma manhajoji da yawa an rubuta su ne da imanin cewa minti sakan 60 ne ba ƙari. A ƙarshen Yuni 2012 cikon ya rikita kwamfutoci masu yawa, har da na kamfanin Amadeus da ke riƙe da rajistar fasinjojin jiragen sama, sai da ma'aikatan kamfanin Qantas a Ostareliya suka koma rubuta sunaye da hannu, jirage suka makara. A ranar farko ta 2017 kuma kamfanin Cloudflare ya sami tangarɗa domin manhajarsa ta ɗebe lokaci daga lokaci ta sami amsa ƙasa da sifiri, abin da marubutanta ba su taɓa zaton zai yiwu ba. Kamfanin Google nasa wayon shi ne ya daddatsa sakan ɗin ya barbaɗa shi a cikin awoyi masu yawa, yadda na'urorinsa ba za su ji shigarsa ba. Daga ƙarshe dai, a watan Nuwamba na 2022, babban taron awo na duniya ya yanke shawarar a daina wannan ciko nan da shekarar 2035. Mun goyi bayan wannan shawara, domin ko an bar agogo ya yi ta tafiya, sai an yi gomiyoyin shekaru masu yawa kafin saɓaninsa da rana ya kai minti guda.

To duk da wannan ƙoƙari, agoguna biyu da ke nesa da juna ba za su taɓa zama ɗaya tak ba. Wani masani mai suna Leslie Lamport ya duba wannan a 1978 ya ce, a yawancin lokuta ba ƙarfe nawa muke nema ba, abin da muke nema shi ne me ya riga me. Dabararsa fataken da za su gane ta nan take. A ɗauka ɗan kasuwa a Salaga da abokin cinikinsa a Kano suna musayar wasiƙu, kowa da littafinsa. Duk abin da mutum ya rubuta a littafi sai ya ba shi lamba ta gaba, kuma kowace wasiƙa tana ɗauke da lambar mai aikowa. In wasiƙa ta iso da lamba 40 alhali kai kana 25, sai ka tsallake ka ci gaba daga 41. Ta haka amsa ba za ta taɓa ɗaukar lamba ƙasa da ta tambaya ba, ko da babu agogo ko ɗaya a garuruwan biyu. Lamport ya sami lambar yabo ta Turing a 2013, wadda ita ce mafi girma a ilmin kwamfuta, kuma wannan aiki yana cikin dalilan.

Google kuwa, a tsarin ajiyar bayanansa mai suna Spanner da ya bayyana a 2012, ya bi wata hanya da mu muke ganin ta fi kowace tawali'u. Agogonsa ba ya cewa yanzu ƙarfe kaza ne, sai ya ce yanzu yana tsakanin kaza da kaza, tazarar da yawanci 'yan milisakan ce kawai. Kafin na'ura ta shaida wa kowa cewa ciniki ya ƙullu, sai ta dakata har tazarar nan ta wuce, yadda duk cinikin da zai biyo baya, ko a wace nahiya, dole ya sami lokaci na gaba. Hukumomi ma sun shigo ciki: tun Janairu 2018 dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa masu cinikin hannun jari da na'urori masu tsananin sauri kada agogonsu ya kauce wa UTC da fiye da kashi 100 cikin miliyan na sakan, don in an yi maguɗi a iya jera abin da ya faru daki daki.

Mai karatu zai ce to ni ina ruwana? Ruwanka yana cikin aljihunka. Wayar da kwanan watanta ya kauce sosai, WhatsApp kan ƙi buɗewa har sai an gyara, shafukan banki kuma su ce ba su amince ba, domin takardar shaidar da suke nuna wa juna tana da ranar farawa da ranar ƙarewa. Lambobin sirri da wasu manhajoji ke fitarwa suna canzawa duk sakan 30, kuma daga agogon wayar ake lissafa su, saboda haka wayar da ta yi baya da minti biyu za ta yi ta ba da lambar da ta riga ta mutu, mai ita yana zargin kamfani.

Masu zirga-zirga tsakanin Ankara da Legas su ne suka fi faɗawa wannan rami. Togo agogonmu ɗaya da su, haka Burkina Faso da Kwaddibuwa, amma da an tsallaka iyakar Togo zuwa Benin an ƙara awa guda, haka har Nijeriya da Nijar da Kamaru. Wasu in sun isa sai su shiga cikin waya su tura awa ɗaya gaba da hannu, su bar yankin lokaci yana nuna Gana. A fuska agogon ya yi daidai, amma a can ciki wayar tana ɗauka lokacin duniya ne ya ƙaru da awa guda, daga nan sai lambobin sirri su daina aiki, saƙonni su riƙa jeruwa a birkice. Abin yi shi ne a bar wayar ta ɗauki lokaci da yanki da kanta daga turken kamfani, in kuma dole sai an taɓa, to yankin za a canza, ba awa ba.

Haka nan wanda aka turo wa kuɗi daga Kano ya ga rasit ɗin mai turowa yana cewa ƙarfe uku, nasa saƙon kuma yana cewa biyu da minti ɗaya, kada ya ce an yi masa dabo, bambancin yanki ne. In kuɗi suka maƙale har ta kai ga zuwa ofis, lokacin da ke kan saƙo taimako ne kawai. Abin da ma'aikaci zai nema shi ne doguwar lambar nan ta ciniki da ke cikin saƙon, don ita ba ta da ta biyu, kuma da ita ake bin sawun kuɗin daga littafin wannan kamfani zuwa na wancan. Kada a goge saƙon sai wanda aka tura wa ya tabbatar kuɗi sun shiga hannunsa.